Latas ɗin da ya ƙi ni, ya bi bakin famfo

Rami ashirin da huɗu ne a farantin robar da na saya don renon shuka. Na cika kowanne da ƙasa, na sa ɗan yatsa na lotsa tsakiya, na jefa ƙwayar latas uku-uku, na rufe, na danne da kyau. Har takin zamani na barbaɗa a kai, wai don su taso da ƙarfi. Sannan na ɗora farantin a kan siminti inda rana ta fi daɗewa, domin a ganina duk abin da ake kira shuka rana yake so. Safe da yamma ina zuba ruwa har sai na ga ya kwanta.

Kwana bakwai shiru. Kwana goma shiru. A rana ta goma sha huɗu na sa tsinke na tone rami ɗaya, na tarar ƙwayoyin suna nan, wasu sun narke sun yi yauƙi, wasu kuwa garau, ko gezau. Nan take na yanke hukunci cewa tsohon iri aka sayar mini. Na kira yayata a waya ina ta faɗa, ita da ta riga ni shiga wannan harka da shekaru. Ta bar ni na amayar da abin da ke cikina tas, sannan ta ce, "To ke, kin gwada irin kafin ki ɗau alhakin mutumin?" Na ce, "Wane gwaji kuma, Yaya? Ba ga shi na shuka bai fito ba?" Ta yi dariya ta ce ruwa ba ya tsami banza, in je in duba inda na ajiye farantin.

Ban je ba, saboda haushi. Washegari Auta, ɗana mai shekara tara, ya shigo da gudu yana cewa, "Umma, zo ki ga wata ciyawa ta fito a layi." A bakin famfo ne, gefen bango, inda rana ba ta leƙawa sai ɗan lokaci da sassafe. Na durƙusa na duba, sai na ga latas ne, ya fi talatin, kowanne da 'yan ganyayensa biyu. Nan na tuna cewa ranar da na yi shukar takardar irin ta suɓuce mini a daidai wurin, har na sa ƙafa na share abin da ya zube. Takarda ɗaya, rana ɗaya. Wanda na yi wa hidima ya mutu, wanda na share da ƙafa ya tashi. Na daɗe a tsugune, kunya ta hana ni kiran Yaya.

Auta ne ya kawo shawarar mu yi abin da aka taɓa nuna musu a aji. Muka samo kofunan gilashi huɗu, muka shimfiɗa auduga a gindin kowanne, muka zuba wake biyar-biyar, don ƙwayarsa babba ce, ido yana iya bin abin da take yi. Kofi na farko muka bar shi a bushe. Na biyu muka jiƙa audugar kawai. Na uku muka cika shi da ruwa har ya shanye kan waken. Na huɗu muka jiƙa shi kamar na biyu, amma muka sa a firij. Babu ƙasa a ko ɗaya, babu taki.

Wanda bai taɓa zama ya zuba wa ƙwayar wake ido tana shan ruwa ba, ina ba shi shawara ya yi ko sau ɗaya. Cikin sa'a ɗaya zuwa biyu fatar ta fara yamutsewa, kamar yatsun wanda ya daɗe yana wanki. Fatar ce ta riga cikin sha, ta yi masa yawa. Kafin gari ya waye cikin ya cim mata, ƙwayar ta kumbura ta yi sumul, nauyinta ya kusa ninkawa. A gefenta akwai ɗan tabon nan kamar cibiya, inda take maƙale da kwanso tun tana jikin uwarta, kuma kusa da shi akwai wata 'yar ƙofa da sai an ƙura ido ake gani. Ta nan ruwa ya fi samun shiga, ta wajen ne kuma a rana ta uku, a kofi na biyu, wani farin tsinke ya huda fatar ya leƙo. Auta ya ce ganye ne. Saiwa ce. Ita take fara fita, domin abin da zai tsaya a tsaye sai ya kama ƙasa ya samu hanyar ruwa tukuna. Ya sa tsinke ya juya waken, saiwar ta koma kallon sama. Kwana ɗaya ta lanƙwaso ta sake nufar ƙasa. Ya sake juyawa, ta sake lanƙwasowa. A karo na uku na riƙe masa hannu.

Mun ɓare ɗaya daga cikin waɗanda suka jiƙu, ya rabu gida biyu. A tsakani akwai ɗan tsiro cikakke, da guntuwar saiwa da ganye biyu a naɗe ƙanana ƙwarai, har jijiyoyinsu ana gani. Ashe tun yana busasshe a cikin takarda duk wannan yana nan. Ɓari biyun nan masu kauri guzuri ne da uwar ta ɗaure masa.

Busasshen iri yana da rai, sai dai ya rage wutarsa ƙasa ƙwarai. Ruwan da ke jikinsa kaɗan ne, galibi bai wuce kashi goma da 'yan kai cikin ɗari ba, kuma a wannan hali kusan komai a cikinsa a tsaye yake. Shi ya sa kofin farko bai yi komai ba, ba zai kuma yi ba ko an shekara. Da ruwa ya shiga sai sinadaran da ke narka guzurin su farka, numfashi ya tashi, fata ta yi laushi. Abin da na fi riƙewa a nan shi ne akwai wata iyaka da idan iri ya tsallake ta ba ya dawowa. Kafin saiwa ta fito, iri da yawa suna iya sake bushewa su koma jira ba tare da sun lalace ba. Har masu sana'ar iri kan jiƙa shi da gangan su busar kafin saiwa ta ɓullo, don ya yi saurin tashi idan an shuka. Amma da zarar saiwa ta huda fata, bakin alƙalami ya bushe. Idan ƙasa ta ƙafe a lokacin, ko na yini guda ne, ɗan tsiron ya tafi ke nan. Sai a nan na fahimci wata asara da na sha yi a baya, in shuka abu in ba shi ruwa kwana biyu, in manta da shi kwana uku, in dawo in yi ta kwarara ruwa a kan gawa.

Tun da na gane wannan iyaka sai na daina ganin iri a matsayin mai taurin kai. Dama ɗaya gare shi a duniya, ba shi da ƙafar gudu idan ya fito a mugun lokaci. Duk sharuɗɗan da yake gindayawa hanyarsa ce ta leƙa waje kafin ya buɗe ƙofa.

Kofi na uku, wanda muka cika da ruwa, shi ya fara kumbura, Auta har yana cewa shi zai zo na ɗaya. A rana ta huɗu ruwan ya yi gurɓi, kumfa ta taru a sama, wari ya tashi har muka fitar da shi waje. Waken ya shaƙe ne. Iri mai tsirowa yana numfashi sosai, yana jan iskar oksijin don ya ƙona guzurinsa ya samu ƙarfi, kuma wannan iska tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau dubu goma ƙasa da yadda take ratsa sarari. Ƙasa mai kyau cike take da 'yan ramuka masu riƙe iska. Idan na kwarara ruwa har ya kwanta, na kore iskar ke nan na cike gurbinta, kuma abin da nake yi wa farantina safe da yamma ke nan. Ƙasar da aka danne da ƙarfi, ko wadda ta yi ɓawo a sama bayan ta bushe, ita ma tana toshe hanyar iska. Shinkafa ce ta fita daban: tana iya tsirowa a ƙarƙashin ruwa, ta miƙo wani siririn kube sama har ya kai inda iska take. Yawancin sauran ba su da wannan dabara. Yanzu ma'aunina shi ne in damƙi ƙasar a hannu. Idan ta dunƙule ba ta ɗiga ba, ta yi. Kamar tsumman da aka matse.

Takin da na barbaɗa kuwa, garin neman ƙiba na samo rama. Iri ba ya cin komai daga waje a kwanakin farko, ga shi waken kofi na biyu ya tashi a kan auduga tsura har ya yi ganye. Takin zamani gishiri ne a asalinsa, kuma gishiri idan ya taru kusa da ƙwaya yana riƙe ruwan da ya kamata ta sha, ya ƙone 'yar saiwar idan ta fito. Sai tsiro ya yi ganyen gaske, guzuri ya kusa ƙarewa, sannan yake neman abin da ke ƙasa.

Yadda ake buɗe wannan guzuri ya ba ni sha'awa. An fi nazarinsa a ƙwayar sha'ir. Ɗan tsiron da ke ciki, da ya ji ruwa, sai ya saki wani sinadari da ake kira jibaralin. Shi kuma ya isa wani siririn bango da ke kewaye da rumbun sitacin ƙwayar, ya sa shi ya fitar da abin da zai narka sitaci ya zama sukari, sukarin ya gangaro wa tsiro. Akwai wani sinadarin, absisik, wanda aikinsa kishiyar wannan ne, shi yake cewa a dakata. Tsirowa ko ci gaba da barci ya danganta da wanda ya rinjayi wani a cikinsu. Jibaralin ɗin ma ta hanyar cuta aka san shi. Manoman shinkafa a Jafan sun daɗe suna fama da wata cuta mai sa tsiro ya yi tsawo zalalo ya faɗi ba amfani, sunan da suka ba ta ma yana nufin wawan tsiro. A 1926 wani masani, Eiichi Kurosawa, ya nuna cewa wani abu ne da funfunar da ke kawo cutar take fitarwa yake sa wannan tsawo. Daga baya aka gano tsirrai da kansu suna yin irin wannan sinadari, a daidai gwargwado.

Kofin firij bai ba mu labari mai tsawo ba. Waken ya sha ruwa ya kumbura, ya tsaya nan. Sanyi yana rage saurin duk aikin da ke gudana a ciki, kuma kowane iri yana da mafi ƙarancin zafin da ba ya motsi idan an gaza shi. Masara, alal misali, ba ta yin abin kirki idan zafin ƙasa bai kai wajen digiri 10 a ma'aunin Salshiyos ba. Tumatir da barkono da kuɓewa sun fi son ƙasa mai ɗumi, sama da digiri 20 zuwa wajen 30. Irin da ya jiƙu ya zauna a sanyi ba ya gaba ba ya baya, funfuna ce take riga shi.

Wannan kowa zai iya hasashensa. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne zafi yana da iyaka ta sama kamar yadda yake da ta ƙasa, kuma ta latas a kusa take. Latas ɗan sanyi ne, yana tashi a yanayin da masara ba za ta ko motsa ba, amma yawancin nau'o'insa idan ƙasa ta kai wajen digiri 30 sai su ƙulle su ƙi tsirowa, ko da ruwa da iska sun wadata. Na aro ma'aunin zafi na soka a farantina da tsakar rana. Baƙar roba ce, a kan siminti, a tsakiyar rana. Ba sai na faɗi lambar ba, yatsana ma da na tura ciki ya gaya mini. Sannan na soka a bakin famfo, inda ƙasa take a jiƙe cikin inuwar bango, na ga bambancin da Yaya take nufi tun farko. Zafin da iri yake ji na ƙasar da yake kwance a ciki ne, ni kuwa na iskar da ke kaɗa ni nake aunawa.

Saura laifina na ƙarshe, wanda ya fi ba ni mamaki: binnewa. Na taso da sanin cewa iri duhu yake so. Ga wake da masara haske bai dame su ba, da shi da babu za su tashi. Amma akwai ƙananan iri masu yawa, har da wasu nau'o'in latas, da haske yake taimaka wa su farka, wasu ma ba sa tashi sam sai sun gan shi. Dalilin a bayyane yake idan aka ɗora ƙwayar latas a tafin hannu kusa da ta wake. Guzurinta bai taka kara ya karya ba. Idan ta tsira a zurfin gaɓar yatsa, abincinta zai ƙare kafin ta ga sama. Haske shi ne shaidarta cewa tana kusa da fuskar ƙasa.

A 1952 wasu masana a cibiyar binciken noma ta Beltsville a Amurka, cikinsu akwai Harry Borthwick da Sterling Hendricks, sun yi wani gwaji da irin latas wanda har yau nake jin daɗin tuna shi. Sun jiƙa irin a duhu, suka haska masa jan haske mai tsawon zango wajen nanomita 660 (ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi), sai yawancinsa ya tsira. Idan suka bi bayan wannan da wani jan da ke can ƙarshen abin da ido ke iya gani, wajen nanomita 730, sai ya fasa. Suka yi ta musanyawa, wannan bayan wancan, sau da yawa, suka ga iri ba ya kula da duk abin da ya gabata, hasken ƙarshe kawai yake bi. Kamar makunnin fitila. Abin da ke karɓar wannan saƙo a cikin ƙwaya shi aka sa wa suna fitokurom. Amfaninsa a daji kuwa shi ne koren ganye yana shanye jan farko ya bar na biyun ya wuce, don haka ƙwayar da ke kwance a ƙarƙashin wasu tsirrai tana gane cewa an riga ta wurin, sai ta jira har a sare su ko su mutu. Inuwar bango ba ta tace haske haka, rage shi kawai take yi. Latas ɗina na bakin famfo ya samu hasken da yake so ba tare da zafin da yake gudu ba.

Wannan ne kuma ya warware mini wani abu da ya daɗe yana ba ni haushi, wato yadda ciyawa take ɓarkewa duk lokacin da na kafce ƙasa na gyara ta tsaf. Ni nake tono ƙwayoyinta daga duhu in nuna musu rana. Ƙasa maƙare take da irin da ke jira. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya taɓa ɗebo laka cokali uku daga bakin wani ɗan tafki, ya ajiye a kofi a ɗakin karatunsa wata shida, yana cire duk tsiron da ya fito yana ƙirgawa. Ya samu 537. Yanzu ƙa'idar da nake bi ita ce kada zurfi ya wuce kaurin ƙwayar sau biyu zuwa uku, masu kama da ƙura kuwa in yayyafa su a sama in danna kaɗan da bayan cokali.

Da na ga na gane ruwa da iska da zafi da haske, sai na ɗauka na gama karatu. Kuɓewa ta sauke mini girman kai. Na ba ta komai daidai, wasu suka fito a kwana biyar, wasu sai bayan sati biyu, wasu na tono su bayan sati uku na tarar da su da tauri kamar tsakuwa, ko ɗigon ruwa bai shige su ba. Ɓawonsu ne ya hana. Yaya ta ce in goga gefen kowace ƙwaya a kan takardar yashi har sai launi ya ɗan canja, in kauce wa wajen cibiya, sannan in jiƙa kwana ɗaya. Da na yi haka kusan tare suka tashi. A daji abin da ke yin wannan aiki shi ne gogayya da yashi, ko zafi da sanyi suna musanyawa har ɓawo ya tsage, ko ƙwaya ta bi ta cikin dabba. Rashin tashi tare da ya dame ni, ga ita shukar riba ce: idan na farko suka fito ruwa ya ɗauke suka mutu, akwai na baya.

Wasu kuma ƙullinsu a ciki yake, goga ba ta buɗe shi. Ƙwayar tuffa sai ta kwana a sanyi mai danshi wata biyu zuwa uku kafin ta yarda, domin a inda bishiyar ta samo asali duk tsiron da ya fito kafin hunturu ƙanƙara ce za ta kashe shi. Ƙwayar tana ƙirga sanyin ne don ta tabbatar ya wuce. Ruwan yauƙin da ke kewaye da 'ya'yan tumatir yana ɗauke da abin da ke hana su tsira a cikin ɗan itacen, shi ya sa masu ajiye irinsa suke wanke shi tas. A wuraren da gobarar daji ta saba ci, akwai irin da hayaƙi ke tayarwa, don wuta ta share masa fili ta bar masa toka; a 2004 masu bincike a yammacin Ostireliya suka gano sinadarin da ke cikin hayaƙin mai yin wannan aiki, aka kira dangin nasa karikin, daga kalmar hayaƙi a harshen mutanen asalin yankin.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙuduji, wato wuta-wuta, mai shan jinin dawa da gero da masara. Ƙwayarsa kamar ƙura take, guzurinta na 'yan kwanaki ne, kuma ba za ta rayu ba sai ta maƙale a saiwar wata shuka. Don haka ko ruwa da ɗumi sun samu ba ta tashi, sai ta ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa a cikin ƙasa, wanda ke gaya mata ga abinci a kusa. Tana iya wannan jira fiye da shekara goma. An fara ware irin wannan sinadari a 1966 daga saiwar auduga, kuma abin dariyar shi ne auduga ba ta cikin waɗanda ƙudujin hatsi yake iya kamawa. Tana kiransa ya fito, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Daga nan dabarar shuka irin waɗannan amfanin gona don rage shi a ƙasa ta samu tushe.

Tambayar da Auta ya yi mini bayan duk wannan ita ce, "Umma, to in bai samu abin da yake so ba, har yaushe zai jira?" Akwai wanda ya yi wannan tambaya da gaske. A 1879 William Beal, malamin ilimin tsirrai a kwalejin noma ta Mishigan a Amurka, ya cika kwalabe 20 da yashi haɗe da ƙwayoyin ciyayi fiye da nau'i 20, hamsin-hamsin, ya binne su baki a ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki. Da farko duk shekara biyar ake tono ɗaya a gwada, aka mayar goma, aka mayar ashirin. Ya rasu, waɗanda suka gaje shi suka rasu, gwajin yana nan. A 2021 aka tono ɗaya da dare, kuma wasu ƙwayoyi suka tsira bayan sama da shekara 140 a ƙasa. Saura kwalabe huɗu, za su kai 2100. Ƙwallon dabino kuwa mai kimanin shekara dubu biyu da aka tono a Masada, wani tsohon sansani a hamadar Isra'ila, an shuka shi a 2005 ya tashi ya zama bishiya. Bushewar wurin ce ta adana shi.

Kada wannan ya ruɗi kowa ya je ya shuka irin da ya shekara biyar a aljihun tebur. Waɗancan tsiraru ne, kuma mafi yawan nau'o'in da ke kwalaben Beal sun daɗe da mutuwa. Irin albasa ma bayan shekara ɗaya zuwa biyu ya fara rauni. Danshi da zafi su ke cinye ran iri a ajiya, don haka busasshen wuri mai sanyi a rufaffen mazubi shi ne gatansa. Akwai kuma waɗanda bushewar ce ajalinsu, kamar ƙwallon mangwaro da na koko, su sai dai a shuka da ɗanyensu.

Gwajin da Yaya ta tambaye ni tun ranar farko bai fi aikin minti biyar ba. Ƙwaya goma, a jera a kan tsumma mai danshi, a naɗe, a sa a leda ba tare da an ɗaure bakin tamau ba, a ajiye inda zafi ya dace da irin, a riƙa buɗewa ana dubawa. Idan takwas ko tara suka fito, iri lafiya lau. Idan uku ne, a ƙara yawan abin da za a shuka ko a nemi sabo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na yi shi da ragowar latas ɗin nan da na zargi mai sayarwa a kansa, na ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki kusa da taga. Tara suka fito a kwana huɗu. Na kira ta na gaya mata, ta ce, "To sai ki nemi yafiyar bawan Allah, ko a zuci ne." Na ce na nema.

Farantin nan mai rami ashirin da huɗu yanzu yana gefen bango, an ɗaga shi daga siminti a kan katako biyu, kuma da abin fesawa nake ba shi ruwa. A can cikin firij, bayan robar ruwa, akwai wata 'yar leda da ƙwayar tuffa shida a naɗe cikin auduga mai danshi. Na gaya wa Auta ko sun tashi ba lallai su haifi irin tuffar da ya ciro su daga ciki ba, ya ce shi dai yana so ya ga saiwar. Ya rubuta kwanan wata a jikin ledar da babban baƙi, a ƙasa ya ƙara da cewa kada kowa ya taɓa. Yau kwana arba'in da ɗaya. Jiya da dare na kama shi ya buɗe yana leƙawa da fitilar waya.